Aron Gonar da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Muna da gona a ƙarƙashin ruwan Tiga. Idan na faɗi haka jikokina dariya suke yi, su ce tsohuwa ta fara ruɗewa, ni kuwa ko a jikina, don na san abin da na sani. Gona ce ta gani ta faɗa, jigawa daga sama, fadama daga ƙasa, da ɗorawa biyu a tsakiya da wata tsamiya a kan iyakar gabas. Na kai abinci cikinta ina amarya, na tsinci wake, na roro gyaɗa har bayana ya ƙage. Yau idan mutum yana son zuwa sai da kwale-kwale, kuma ko ya je ba abin da zai gani sai ruwa da sararin sama.

Ina goyon fari aka tashe mu. Ba zan tsaya ba da labarin ranar tashi ba, wasu sun fi ni iya ba da shi, kuma ni abin da na fi tunawa shi ne turmina da ya ƙi shiga mota sai da aka ɗaure shi a baya. An ba mu fili a kan tudu, muka kafa bukkoki muka kewaye da zana. An ba maigidana wata gona kuma, amma fako ce, tsakuwa ta fi ƙasa yawa, ga shi shekarun nan sama ta riƙe ruwanta. Daminar farko abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Ta biyu ma gara ta farko.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, manomi ne ɗan manomi. Mutum ne mai kunya da taurin kai, kuma wannan haɗin ba ya jin magani, don ba zai roƙa ba, kuma ba zai karɓi shawara ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Idan ka kawo masa magana sai ya saurare ka har ka gama, ya ce Allah Ya saka da alheri, sannan ya je ya yi abin da ya yi niyya tun farko. Na zauna da shi shekaru masu yawa, ban taɓa kayar da shi a gardama ba, don bai taɓa yarda ya shiga gardamar ba.

Da ruwa ya cika sai baƙi suka fara zuwa. Masunta ne, wasu daga Yawuri, wasu daga Kabi, wasu daga ƙasar Jukunawa, wasu kuma daga wurare masu nisa da ban taɓa jin sunansu ba. Suka kafa runfuna a bakin ruwa, kullum hayaƙin banda na tashi, 'yan kasuwa na zuwa daga Tudun Wada da Bebeji har da birni suna lodi. Mazajenmu suna tsaye a kan tudu suna kallo, ciki ba komai. Da suka gaji da kallo sai suka ce ai idan kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take yi. Aka haɗu aka samo kwale-kwale, kowa ya nemi kalli, wato ragar nan mai tsawo da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale. Namu kallin da kuɗin ragon da na zo da shi daga gidanmu aka same shi.

To, a nan ne mutanenmu suka yi abin da har gobe idan na tuna sai na yi dariya, ko da yake a lokacin kuka na yi. Ba wanda ya yi shawara da wani, amma ranar da suka fara fita kowa gonarsa ya nufa. A lokacin kawunan manyan itatuwa suna leƙowa daga ruwa, rimin bakin kasuwa da giginyun fadama da kukar gidan mai unguwa, don haka kowa ya auna da ido, ya gane inda gonar ubansa take, ya shimfiɗa kallinsa a kanta. Ba mai yarda ragarsa ta tsallaka iyaka. Har rigimar iyaka sai da aka yi a tsakiyar ruwa, tsakanin wasu 'yan'uwa biyu da dama suka daɗe suna ja-in-ja a kan wata kunya, aka ɗauki mai unguwa, tsoho tukuf, yana salati yana riƙe da gefen jirgi, aka kai shi ya raba gardama. Baƙin masunta suka zuba ido, sun rasa ko dariya za su yi ko tausayi.

Wanda gonarsa fili ce ya kan ɗan samu na miya. Mu kuwa ɗorawarmu biyu da muke alfahari da su, waɗanda suka ba mu kalwa da daddawa shekara da shekaru, su suka zame mana ƙaya. Kullum Malam, maigidan nawa, zai shimfiɗa kalli, kullum rassan ɗorawa su kama shi, ya ja ya ja har ya yage. Ya dawo da tsumma a kafaɗa, ni kuma in zauna da zare ina ɗinki, ɗana na tsotso. Wata rana na kasa haƙuri na ce masa, "Malam, ruwan nan fa da faɗi. Ka matsa gaba mana, inda babu itace."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Gaba ina? Gabas gonar baffana ce, arewa ta marayu ce. In shiga gonar mutane in kwashi abin da ke ciki? Ke a gidanku me ake kiran wannan?"

Na ce, "Baƙin nan fa? Ai ko'ina shiga suke yi."

Ya ce, "Su ba su sani ba. Ni na sani."

Da haka maganar ta mutu. Mutanenmu da yawa suka gaji suka jingine kallinsu, wasu suka watsar da zancen iyaka suka bi baƙi, wasu suka bar garin. Malam ya ƙi bin baƙi, kuma kallin ya kai inda ɗinki ya fi raga yawa. Ranar nan bayan la'asar ya kira ni, ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa, ya ce akwai motar da ke kwasar mutane zuwa kurmi aikin dako, za ta zo bayan kasuwa mai zuwa, kuma ya yanke shawara zai bi ta. Ni da yaro zai kai mu gidan iyayena, can wajen Kiru inda aka tsugunar da su, mu zauna kafin Allah Ya kawo sauƙi. Na san mata uku a unguwarmu da aka yi wa irin wannan ajiya, ba wadda mijinta ya dawo ya ɗauka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba yunwa nake tsoro ba, na saba da ita. Tsorona kada gidan da muka fara ginawa ya watse tun bai yi katanga ba.

A bayan zanarmu akwai wasu baƙi da suka sauka, mata da miji da yara biyu. Ɗan Chadi muke ce wa mijin, dogo ne baƙi mai tsage a fuska, ba ya da yawan magana. Matar ce ta fara shigowa wurina ɗibar wuta, Hausarta a karkace, ta mai da mace namiji ta mai da namiji mace, amma ga fara'a. Da ta ga yadda nake ƙona ɗan kifin da Malam ke samowa sai ta kama baki, ta karɓe shi daga hannuna, ta nuna mini yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiya a baki, da yadda ake rage wuta a bar hayaƙi ya yi aikinsa. Tun daga nan muka ƙulla. Ni ban taɓa wuce Kano ba a lokacin, a ganina duniya daga Zariya ta fara a Daura ta ƙare, sauran duk Makka ce da hanyarta.

Wata rana na tambaye ta, "Wai ke ƙawata, Chadin nan taku a ina take? Kusa da Makka ce?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita ba ma 'yar Chadi ba ce, mijin ne. Sai ta jawo ƙwaryar da nake wanke hatsi, da sauran ruwa a ciki, ta girka a tsakar gida, ta ce wannan shi ne tafkinsu. Ta ɗauki muciya ta ajiye a yamma da ƙwaryar ta ce Najeriya ke nan, ga Barno a bakin ƙwarya, mu kuma muna can wajen tsakiyar muciya. Ta kife faifai a arewa ta ce Nijar, inda aka haife ta. Ta ce ƙasa ce mai faɗin gaske, amma yawancinta rairayi ne, sai Buzaye da Tubawa da raƙumansu, mutane kuwa duk sun taru a gefen kudu sun jingina da mu, Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Fulani. Ta shimfiɗa tsintsiya a gabas ta ce Chadi, kanta a cikin hamada, gindinta a inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, arewa Musulmi makiyaya, kudu manoma da yawansu Kirista, Larabawan Shuwa da shanunsu a tsakani. Sannan ta ɗauki ludayi ta sa siririn hannunsa ya taɓa ƙwaryar daga kudu, ta ce Kamaru ce, wuyanta ne kawai ya kai tafki, cikinta yana can cikin kurmi har bakin teku. Uwar mijinta daga wuyan ludayin take.

Na ce, "To 'ya'yanki 'yan ina ne?"

Ta tsoma yatsa a tsakiyar ƙwarya ta ce babban a nan aka haife shi, a kan wani tsibiri, kuma har suka bar wurin ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya musu na wace ƙasa ne. Ta ce a kan ruwan nan za ka karya kumallo a ƙasa ɗaya, ka sayar da kifi a ta biyu, ka yi sallar la'asar a ta uku, kuma duk inda ka je gaisuwar ɗaya ce, a tambaye ka gajiya a tambaye ka iyali.

Muna cikin haka wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen Burumburum ta yi sallama. Da ta ga tsagen Barebari a fuskar ƙawata sai ta sauke ƙwarya ta ce, "A'a, yaushe bayinmu suka iso nan ba su zo gaisuwa ba?" Ƙawata ta miƙe ta ce ai Barebari ne iyayen gijin Fulani tun ran gini tun ran zane, maza ta zuba mata nono kyauta. Suka yi ta yi, ni ina tsaye baki buɗe, mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya daga gindin dutsen Doguwa ɗaya daga bakin hamada, amma kowace ta san wasan da ke tsakaninsu. Bafulatanar ta dubi ludayin da ke ƙasa, da aka gaya mata Kamaru ce sai ta ce ai ƙannen kakanta suna can da shanu, ta sa ƙafa ta nuna daidai inda suke.

Bayan ta tafi na tambayi ƙawata abin da ya raba su da wuri mai albarka haka. Sai fara'arta ta ɗauke. Ta karkata ƙwaryar ta zubar da rabin ruwan a ƙasa. Ta ce haka tafkin ya yi musu. Shekara guda ka ɗaure jirgi a ƙofar gida, shekara mai zuwa sai ka yi tafiya kafin ka tarar da ruwa, wadda ke biye sai ka ɗauki guzuri. Ta ce, "Ku ruwa ya zo ya kore ku, mu ruwa ya gudu ya bar mu." A nan ne na kasa riƙe abin da ke cikina. Na gaya mata zancen motar kurmi, da kallin da ya ƙare, da ɗorawa, da taurin kan Malam, ina yi ina share hawaye da bakin zane. Ba ta ba ni haƙuri ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai a garinmu idan baƙo yana son gona yaya yake yi. Na gaya mata, a raina ina cewa wannan baiwar Allah ba ta fahimci abin da na faɗa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai na ji sallama a ƙofar gida. Ɗan Chadi ne, ya sa babbar riga, ga mai unguwa a gefensa, ga ƙullin goro a hannu. Ba mu da zaure a lokacin, runfar kara ce, don haka duk abin da aka faɗa ina jinsa ta bayan zana, kuma ba zan ɓoye ba, kunne na kasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi iyali da gajiya da ruwa. Sannan ɗan Chadi ya tura goro gaban Malam ya ce, "Malam, ni baƙo ne a ƙasarku, kuma an ce mini a nan baƙo ba ya shiga gonar mutum sai da izini. Na zo neman aron gona."

Malam ya ce, "Wace gona? Fakon nan na kan tudu?"

Ya ce, "A'a, ta gado. Mai ɗorawa biyu."

Ni a bayan zana na dafe ƙirji, don na ɗauka Malam zai ce an zo yi masa ba'a har gida. Amma ɗan Chadi ko murmushi bai yi ba. Ya ci gaba da cewa shi daga tafki ya taso, ya biyo kogin da ke zuba a cikinsa ta kan iyakar Nijar, ya bi ta Gashuwa, ya bi ta Haɗeja, ya bi ta Wudil, duk inda ya tambaya a ce masa ruwan daga gaba yake zuwa. Ya ce, "Ruwana na biyo, Malam, sai na same shi a kwance a kan gonarka. Ruwan na sani, amma abin da ke ƙarƙashinsa kai ka sani. Ban ga yadda ɗayanmu zai ci abinci ba tare da ɗaya ba."

Na ji Malam ya gyara murya, irin gyaran da rabona da jinsa tun muna tsohon gari. Ya ce ya ba da aro, amma da sharaɗi, kamar yadda ubansa ke bayarwa. Kada a sare masa ɗorawa. Kada a tsallaka iyaka a shiga ta baffansa ko ta marayu. Kada a jefa raga a kan maƙabarta. Ɗan Chadi ya karɓi kowane sharaɗi da hannu biyu, har da na saran ɗorawar da ke can ƙasan ruwa, mai unguwa ya shaida, aka yi fatiha aka raba goro. Har ya miƙe zai tafi sai ya juyo ya ce, "Sai dai ban san iyakokin ba. Ko za ka daure gobe ka shiga jirgina ka nuna mini, kada in ci amana ban sani ba?"

Da safe suka fita tare. Abin da ya faru a kan ruwa daga bakin Malam na ji shi, a gutsure a gutsure, cikin shekaru. Ya ce mutumin ya yi ta tambayarsa, ina tsamiya take, ina tsohuwar rijiya, ina gangare ya fara, ina fadama ta ƙare. A gindin ɗorawa bai shimfiɗa kalli ba, ƙugiyoyi ya zura da wasu kwandunan kama kifi da ake kira gura, ya ce kifi na son inuwar itace kamar yadda mutum ke so, raga ce kawai ba ta so. Sannan ya tambaya, a duk garin nan babu wurin da ba na kowa ba? Malam ya yi tunani ya ce akwai burtali, hanyar shanun da ta ratsa tsakanin gonaki tun daga bakin gari har mashaya, sai kuma kwarin rafi. Waɗannan ba gadon kowa ba ne, na duk mai wucewa ne. Ɗan Chadi ya ce to a nan za a shimfiɗa kalli. Malam ya bi burtalin nan da ido rufe, don ya kora shanu a cikinsa tun yana yaro, ya san kowace kwana, ya san inda babu ko kututture. Suka shimfiɗa raga a kan hanyar shanu, ba ta taɓa gonar kowa ba.

Washegari da hantsi ina tsakar gida sai ga ɗan Chadi da sallama, ɗauke da wata tarwaɗa da ban taɓa ganin irinta ba, kanta ya kai faifai. Ya ajiye a gaban Malam ya ce, "Ga rabon mai gona." Haka al'adar take, wanda ya ari gona idan ya yi girbi ya kan kai wa mai ita dami, don a san aro ne ba kyauta ba. Malam ya karɓa yana wani cin magani, kamar wanda ya saba karɓa kullum, ya ce Allah Ya sa albarka. Bayan wannan kuma ga kason aikinsa na shiga jirgi, karfasa cike da kwando. Ranar na yi banda har hayaƙi ya sa ni hawaye, kuma na ji daɗin samun abin da zan ɗora wa laifi. Motar kurmi ta zo bayan kasuwa, ta yi ta hon a bakin hanya, Malam yana can tsakiyar ruwa. Bai ce mini ya fasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Kafin shekara ta zagayo Malam ya yi jirginsa. Sauran mutanenmu da suka ga haka suka riƙa zuwa yana nuna musu inda burtali ya bi da inda rafi ya karkata, baƙin masunta ma da ragarsu ke yawan yagewa suka riƙa neman ya raka su. Muka ta da katanga, muka yi zaure. Da aka kawo noman rani aka haƙa hanyoyin ruwa, Malam ya rama, ya koya wa ɗan Chadi riƙon garma da dashen tumatir da shukar alkama, ko da yake har ɗan Chadi ya tsufa kunyar da yake yi a gona ba ta taɓa miƙewa ba, kullum sai Malam ya bi baya yana gyarawa yana mita. Yaransu suka tashi da namu, kwano ɗaya, makarantar allo ɗaya, duka ɗaya idan an yi laifi.

Na daɗe ina ɗauka Malam bai gane dabarar da aka yi masa ba. Sai wata rana, mun riga mun manyanta, ina tsokanarsa da zancen saran ɗorawa, ya dube ni ya ce, "Ke kin ɗauka ban sani ba? Mutumin da ya ƙetare ƙasa huɗu a kan ruwa, izinina yake jira? Ya ga ina nutsewa ne, ya san kuma idan ya miƙo hannu ba zan kama ba, shi ne ya miƙo goro." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma na san wadda ta kai ƙarata." Na ce ni ban san zancen ba, na tashi na shiga ɗaki.

Kwanakin baya jikata da ke sakandare a Bebeji ta zo da taswira, wai an ce su haddace ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu. Na ce ta kawo in gani, don na yi ajin yaƙi da jahilci, ba a bar ni a baya ba. Ina dubawa sai ga faifai a arewa, ga tsintsiya, ga ludayi da siririn wuyansa, komai a inda ƙawata ta ajiye shi. Guda ɗaya ce ba ta cikin tsakar gidana, Benin, can yamma, wadda ni ban san komai nata ba sai atamfar Kwatano. Yarinyar ta ce malaminsu ya ce yawancin ruwan tafkin daga kogunan kudu yake zuwa, ta Chadi da Kamaru, namu ɗan kaɗan ne a ciki. Na ce ban musa wa malami ba, amma ɗan kaɗan ɗin nan ya isa ya jawo mutum tun daga can har bayan zanata.

Ƙawata a nan ta rasu, a nan muka binne ta, a sabuwar maƙabartar kan tudu, kusa da uwar mijina. Na yi kukan da ban yi wa wasu 'yan'uwana na jini ba. Bayan an yi arba'in ɗan Chadi ya sake sa babbar riga ya zo da goro. Ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Ya ce zai je ya kai wa danginta labari a Nijar, daga nan ya ƙarasa ya ga abin da ya rage na tafki da na mutanensa, kuma bai san ko zai dawo ba, don haka ya zo ya mayar da gonar da ya ara, kada ya tafi da kayan mutane a wuyansa.

Malam ya tura masa goronsa. Ya ce, "Ban karɓa ba. Ba a mayar da gona ana tsakiyar aiki. Ka je ka dawo, sannan mu yi magana."

Ya tafi. Da farko muna jin muryarsa ta wayar babban ɗansa, wanda aka haifa a tsibiri, da yake shi ya zauna a nan da iyalinsa. Daga baya rikicin da ya taso a wajen tafki ya watsa garuruwa, waya ta daina shiga, aka yi cigiya har aka gaji. Malam ya yi ta sauraro har Allah Ya karɓi abinsa. A jinyarsa ta ƙarshe ya tara yaranmu ya yi musu bayanin fako da filin noman rani da gida, sannan ya ce gonar ruwa tana hannun aro, kada wanda ya taɓa ta.

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wannan aron ya rufe ni, ya rufe 'ya'yana da jikokina, kuma duk sallar da na yi sai na roƙa wa mutanen nan biyu rahama, ɗaya a kan tudunmu, ɗaya inda Allah kaɗai Ya sani. Itatuwan da ake auna gonar da su duk sun ruɓe sun nutse, yanzu ko kan rimi ba a gani. Amma ɗan nasu ya san wurin, ubansa ya nuna masa, Malam ya nuna wa ubansa.

Bana ma ya zo, kamar kowace shekara idan ruwa ya fara ja. Shi ma furfura ta cika masa gemu. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, ya ajiye tarwaɗa a faifai, jikokina na leƙe suna ƙunshe dariya.

Ya ce, "Inna, ga rabon mai gona. A ci gaba da aro, ko a mayar?"

Na ce, "Babanka ya dawo ne?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bai dawo ba, Inna."

Na ce, "To a ci gaba. Kada dai a sare ɗorawa."